Motar Baba a Gajimare

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne, hadari ya haɗo ta gabas amma ya ƙi zubowa, sai wani zafi mai danƙo da ke manna wa mutum riga a gadon baya. Na tashi daga wurin aikina na guga, na biya gida na ɗauko tsohuwar na'urar gem ɗinmu. Baba yana barci a doguwar kujera, sandarsa a jingine da bango. A hankali na zare wayoyin daga bayan talabijin don kada ya farka, na haɗa da hannun gem ɗin, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, da faifan da ke kai, na zuba a tsohuwar jakar makarantata.

Yayana ne ya aike ni. Yana aiki a wani gari mai nisa. Ya kira da safe ya ce sabuwar na'ura ta fito, kuma ya gama magana da mai shagon gem na bakin titi: in kai tsohuwa, shi zai turo ciko, in karɓo sabuwa. Ya ce da ita za mu riƙa buga ƙwallo ta intanet, yana can ina nan. Na ji daɗi ƙwarai, don na yi kewarsa. Sai da na ajiye wayar na tuna da motar Baba.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Ciwon ƙafa ya zaunar da shi, har aka sayar da motar. Da can wasan yara yake ce wa gem. Wata rana Yaya ya kawo faifan tuƙin tirela, ina cikin bugawa na faɗa rami da kaya. Baba ya ce, "Kai Auta, haka ake shan kwana da lodi? Miƙo nan." Tun daga ranar hannun bai dawo wurina ba. Ya yi ta jigila a cikin wasan har ya sayi motarsa ta kansa, ya yi mata shuɗin fenti irin na waccan, ya buɗe hanyoyi masu yawa. Yana ba da sigina ko da babu kowa a titi. In Umma ta ce, "Malam, abinci na hucewa," sai ya ce, "Bari in sauke kayan mutane." Abu ɗaya yake ƙorafi a kai, wai birki ya saki.

Shagon dogon ɗaki ne mai benci biyu da talabijin biyu da fanka marar murfi. A bakin ƙofa mai gyaran waya yake zama da teburinsa, kansa a sunkuye kullum. Tun daga waje na jiyo musu. Farfesa ne, wanda muke kira haka saboda duk abin da aka rubuta a intanet ya karanta, da Tela na shagon kusa, abin awo a wuyansa. Sabuwar na'urar tana kan kanta, fara fes, mai shago yana goge ta da gefen rigarsa.

"Ba ta ɓata lokaci wajen buɗe wasa fa," in ji Farfesa. "Kafin ka ƙifta ido an shiga fili. Ciyawa ɗai-ɗai kake gani. Har gumin ɗan wasa!"

"Gumi zan saya?" in ji Tela. "Ga shi nan ina yi kyauta tun safe. Kuɗin abin nan ya sayi keken ɗinki har a ba ka canji."

"Kai dai ka tsaya a zare da allura."

"Allurata ba ta taɓa ce min in jira ta sabunta kanta ba. Maigida, gaya masa abin da ta yi jiya."

Mai shago ya yi gyaran murya. "Ta ɗan ɗauki lokaci."

"Yini guda! Muna zaune muna kallon wani layi yana rarrafe."

"Laifin sabis ne," in ji Farfesa, "ba nata ba."

Na yi sallama, na ajiye jakar a kan kanta. Mai shago ya ce, "Yauwa, Auta. Yayanka ya kira." Ya fito da tsohuwar ya jujjuya, ya miƙa wa mai gyara hannun gem ɗin ya ce ya duba lafiyarsa.

Na ce, "Birkin ne kawai ya saki."

Mai gyara ya ɗago. "Wane birki?"

"Maɓallin baya na hagu."

Ya ajiye shi a gefe. Su Farfesa kuma sun riga sun koma kan kuɗin wata. Farfesa ya ce in kana son buga wasa da wani ta intanet sai ka yi rajista kana biya duk wata, kuma hawa uku ne, ƙarami da matsakaici da babba.

"Tsaya," in ji Tela. "Na saya da kuɗina, na kai ɗakina, sannan in riƙa biya duk wata? Gida na saya ko haya na kama?"

"Ai wasanni ake ba ka kyauta a ciki."

"Kyautar da in na daina biya a ƙwace?"

"A ƙaramin ne ake... a'a, a matsakaicin. Bari in duba." Ya shiga latsa waya.

Yana cikin dubawa, sai na ce, "Maigida, motar Baba fa?"

Duk suka juyo.

"Baba yana da mota har yanzu?" in ji Tela. "Ba an sayar ba?"

"Wata ce. Shuɗiya."

Mai shago ya ɗaga hannu. "A'a, Auta. Ni da yayanka ba mu yi maganar mota ba. Na'ura nake karɓa a musaya. Ina zan ajiye tirela a nan?"

"Ai tana cikin nan," na ce, na nuna tsohuwar na'urar.

Tela ya kalli na'urar, ya kalle ni, ya taɓa goshina da bayan hannu. "Zafin dutsen guga ne, ɗan uwa. Na sha gaya maka ka riƙa shan ruwa."

Sai da na yi bayani daga farko, tun daga ramin da na faɗa har zuwa fenti, sannan suka gane. Tela ya yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma ya daina. Na ce abin da nake son sani ɗaya ne: in na bar tsohuwa na ɗauki sabuwa, motar za ta biyo mu?

"Wannan ai ba matsala ba ce," in ji Farfesa. "Tana kilawud."

"Tana ina?"

"Gajimare, in ka fi son Hausa. Duk abin da ka tara a wasa, can ake ajiye shi."

Ban san lokacin da na leƙa ƙofa ba. Sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ledoji a titi.

"Ba wannan ba!" in ji Farfesa. "Wani ƙaton ɗaki ne cike da kwamfutoci a wata ƙasa."

"To me ya sa ake ce masa gajimare?"

"Don ranar da ka daina biya watsewa yake yi," in ji Tela.

Farfesa ya yi tsaki. Ya tambaye ni wane hawa Baba yake biya. Na ce Baba bai taɓa shiga intanet ba, shi dai ya kunna ya tuƙa.

"To ba ta hau ba kenan."

"Ɗazu ka ce tana can."

"Na ce in an biya."

"To yanzu tana ina?"

"Tana nan," ya ce, ya nuna na'urar da na nuna tun farko.

Na ji kaina ya ɗaure. Farfesa ya ce abu ne mai sauƙi: a yi rajista yanzu, a tura motar sama daga tsohuwa, a sauko da ita a sabuwa. Mai shago ya ce shi bai ga wasan tirela a cikin waɗanda sabuwar ke ɗauka ba. Farfesa ya ce yana tafe, an rubuta. Tela ya ce shi ma an rubuta zai yi arziki. Na ce to ai ga faifan wasan na zo da shi. Na ciro, na zagaya gaban sabuwar ina neman inda ake zura shi. Na duba gefe, na duba baya. Santsi ko'ina.

"Ina bakinta?"

"Wannan marar baki ce," in ji mai shago. "Akwai mai baki, ta fi tsada, kuma ba ta iso ba."

"Bakin ma sai an saya?" Tela ya tafa hannu. "Gobe za su ce maka wayar wuta daban."

Na tambaya ko mai bakin tana karanta tsohon faifai. Farfesa ya ce tana karanta wasu. Mai shago ya ce ya ji an ce tana karantawa amma sai ka faro wasa daga farko. Farfesa ya ce wannan kafin a sabunta ta ne. Mai shago ya ce a'a, bayan an sabunta ne. Suka juya ga mai gyara ya raba gardama, ya ce shi waya yake gyarawa, bai ko ɗago kai ba. Na hango yana kwance wani abu da ƙaramin sukundireba, ban kula ba.

Na ce, "Maigida, ita tsohuwar, in na bar ta a nan, motar za ta zauna a ciki har a gane?"

Ya ce, "Gaskiya wanke su nake yi tas, in goge duk abin da ke ciki, kafin in sayar. Kuma wani ya riga ya yi mata kamu, gobe da safe zai zo."

Na tuna yadda Baba ke gyara zama kafin ya tayar da motar, yana bismillah kamar da gaske. In ya faro daga farko, wata 'yar ƙaramar motar aro za a ba shi, ba fenti, hanya ɗaya tal. Ban san ko zai sake cewa "miƙo nan" ba.

Na fita bakin ƙofa na kira Yaya. Muryarsa tana zuwa tana yankewa.

"Ka karɓo?"

"Yaya, motar Baba ce matsalar."

"Wace mota? Auta, wace mo..."

"Ta cikin gem. An ce ba ta hau gajimare ba."

"Ruwa ake yi a can? Ba na jin..." Layin ya mutu. Na sake kira, bai shiga ba.

Yayyafi ya fara. Na koma ciki, na tarar sun dawo kan gumin ɗan wasa. Na ɗauki tsohuwar na mayar jaka, na nannaɗe wayoyin.

"Auta, yayanka ya ba ni magana fa," in ji mai shago.

"Ka yi haƙuri, Maigida. Ban gane ba ne. In na gane zan dawo."

"Me ya rage ba ka gane ba?" in ji Farfesa. "Zauna in sake maka bayani."

"Ka bar bawan Allah ya tafi," in ji Tela. "Kai ka gane ne?"

Zan wuce ƙofa, mai gyara ya jefa min hannun gem ɗin a jaka ba tare da ya dube ni ba. Na rungume jakar a ƙirji, na tura ta cikin riga, na bi gefen rumfuna har gida. Ruwan ya sauko sosai ina shiga zaure.

Baba ya farka. Yana zaune yana fuskantar talabijin, inda na'urar take zama babu komai sai sawun ƙura. Bai yi faɗa ba.

"Ina ka kai motar?"

Na zaro jakar daga cikin riga. Na ce, "Na kai a duba ta ne, Baba."

"To. Da ka tashe ni, ai akwai kayan da na yi alkawarin kaiwa."

Na durƙusa na mayar da wayoyin, a lokacin ban ma tabbata motar tana ciki ba, yawan maganar da aka yi a kanta ya sa na fara shakka. Allon ya kawo haske. Ga ta nan a tasha, shuɗiya, inda ya bar ta jiya. Baba ya gyara zama, ya ba da sigina, ya hau titi. Da ya zo gangaren da kullum yake ƙorafi a kai, ya danna, motar ta tsaya cak. Ya saki, ya sake dannawa.

"Lallai an duba ta," ya ce. "Wane bakanike ne wannan? Birki ya kama."

Sai a lokacin na tuna da ƙaramin sukundireba.

Da ruwa ya tsagaita Yaya ya kira. Na yi masa bayani a hankali, iya abin da na riƙe, har da baki da hawa uku. Ya ce, "Shuɗiyar nan? Har yanzu yana tuƙa ta?" Na ce kullum. Ya ce, "To." Ban san wane irin "to" ba ne, na fushi ko na yarda, kuma ban tambaya ba. Ƙwallon da za mu buga ni da shi ma ba a sake maganarsa ba.

Da safe, a hanyar wurin aiki, na biya ta shagon. Farfesa da Tela sun riga sun fara, yau kuma kan ko mai baki ta fi marar baki zafi. Na tsaya a gaban teburin mai gyara ina haɗa maganar da zan faɗa. Kansa yana sunkuye a kan wata waya mai fasasshen gilashi.

"Matsa," ya ce, "ka tare min haske."

Na matsa.