Ladanin da Ya Ba Gabas Baya

Shekara ashirin da biyu Baba, Malam Modu, yana kiran salla a masallacin unguwarmu a Hadejia kafin zuciyarsa ta fara gazawa. Jininsa ya hau, ƙafafunsa suka kumbura, in ya ja kabbara sai numfashi ya tsinke masa a tsakiya. Likita ta ba shi ƙwayoyi, ta kuma koya mini wani motsa jiki da ake kira yoga, ta ce in riƙa sa shi yi da hantsi: ya miƙa hannuwa sama, ya durƙusa ya kifa goshi yana jan numfashi a hankali, sannan ya kwanta rigingine ya jingina ƙafafu a bango don jini ya koma zuciya.

Baba ya yarda, amma da sharaɗi. "Zulfa, wannan durƙuson ya yi kama da sujada," in ji shi. "Ba zan yi shi ina kallon alƙibla ba, kada ya gauraya da ibada." Sai ya riƙa juyawa yamma.

Cikin wata biyu kumburin ya sace, jinin ya sauka, masunta a bakin kogi suka sake jin muryarsa. Na yi murna ba kaɗan ba.

Da damina ta yi nisa, ambaliya ta ci katangar gidanmu, tsakar gida ta koma kamar kasuwa. Maƙwabcinmu Malam Tukur, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan lasifikar masallaci, ya zo wucewa ya ga ladan goshi a ƙasa, baya ga gabas. Ko sallama bai yi ba. Kafin azahar unguwa ta ɗauka cewa Malam Modu ya sami sabuwar alƙibla.

Dattawa suka kira shi. Ya yi bayani, ya nuna katin asibiti. Malam Tukur ya yi murmushi ya ce, "In magani ne, Malam, me ya kawo sujada? In kuma sujada ce, wa ake yi wa ita a yamma?"

Ranar aka karɓi lasifika aka ba Tukur. Mutanen da Baba ya tashe su salla shekara da shekaru suka koma amsa gaisuwarsa da ka. Baba ya naɗe tabarmar da yake motsa jikin a kai ya cusa ƙarƙashin gado. Na yi kuka, na yi magiya, ya ce, "Gara ƙafa ta kumbura da a yi shakkar yi wa gawata salla." Bai ga yankan shinkafa ba, Allah ya karɓi abinsa. Har yau ban yafe musu ba, kuma ba na shirin yafewa.

Bana muryar Malam Tukur ta fara tsinkewa a tsakiyar kabbara. Shekaranjiya ya zo yana jan ƙafa, takalmi ya ƙi shiga.

"'Yata, likita ta ce ke kika iya abin nan da marigayi yake yi. Ko za mu shiga daga ciki?"

Na jawo tabarmar Baba, na kaɗe ƙurarta, na shimfiɗa a tsakar gida daidai inda katanga ta faɗi. Ranar kasuwa ce, hanya cike da mutane.

"A nan ake yi, Malam," na ce. "Zaɓi gabas ko yamma, ka durƙusa."