Man Da Ba Ya Surutu

Mai askin da ke kusurwar layinmu yana da babur baƙi wanda ya girmi 'yarsa ta fari. Injinsa lafiya lau yake, sai dai allurar da ke nuna yawan mai ta mutu tun da daɗewa, ta tsaya a kan rabi ba ta sake motsi ba. Bai taɓa kai ta gyara ba, domin a ganinsa yana da abin da ya fi allura, wato kunnensa. Kowace safiya yakan kama kan babur da hannu biyu, ya girgiza shi hagu da dama, ya kara kunne a jikin tanki. Idan ya ji ƙara mai nauyi, sai ya ce man zai kai shi kasuwa ya dawo da shi. Idan ya ji ƙara siririya, sai ya ce zuwa dai tabbas ne, dawowa kuma sai abin da Allah ya yi.

Akwai ɗan makulli a ƙarƙashin tanki wanda ke riƙe ragowar mai domin ranar tsautsayi. Shi ma ya daɗe da murɗe shi ya bar shi a buɗe, yana cewa bai ga dalilin ɓoye wa kansa abin da ya saya da guminsa ba.

Wadda ta fi kowa sanin ingancin kunnen nan ita ce matarsa, domin ita ce ke zaune a baya duk lokacin da kunnen ya yi kuskure. Ta taka daga asibiti zuwa gida, ta taka daga makarantar yara. Tafiya ta ƙarshe ce ta tsinke mata igiyar sabon takalmi, ta shigo gida da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye takalmin a kan tebur, a gaban kwanon abincinsa, ta tuna masa cewa yayanta, wanda ke sayar da tsofaffin firji a ɗaya gefen gari, ya sha roƙon a ba shi babur ɗin ya ba su firji a madadinsa.

"Maigida," in ji ta, "ranar Asabar za mu je mu ga sabon shagon Yaya. Idan ƙafata ta taɓa ƙasa a hanya kafin mu isa ƙofarsa, can za mu bar babur, mu dawo da firji."

Mai askin ya amince, domin takalmin yana kallonsa.

Washegari ya kai kukansa shago. Akwai wani tsohon direba da ke zama a kan bencin jira kusan kullum, ko da yake kansa babu gashin da za a aske. Shi ne ya bayyana masa cewa laifin na mai ne. Ya ce a gidan mai famfo biyu ne: akwai na kowa da kowa, akwai kuma mai mariƙi ja wanda ya fi tsada, shi yake kira man alfarma. Ya ce lokacin da yake tuƙa motar wani babban mutum, ba ya zuba mata sai wannan, kuma motar takan yi tafiya ba ka jin ko numfashinta. Ya ƙara da cewa man talaka ne ke da hayaniya, man alfarma kuwa natsuwa gare shi.

Mai askin ya tsayar da almakashi a sama, ya dubi kwalaben da ke gaban madubi. Akwai turare mai araha wanda sai ya cika tafin hannu kafin a ji ƙamshinsa, akwai kuma 'yar ƙaramar kwalba mai tsada wadda ɗigo ɗaya a bayan kunne ke bin mutum har yamma. Nan take maganar ta zauna masa. Ya ce ashe ilimin yana gabansa shekara da shekaru bai kula ba.

Da la'asar ya tafi gidan mai, ya wuce famfon da ya saba, ya tsaya gaban mai mariƙi ja, ya miƙa daidai kuɗin da ya saba bayarwa. Matar da ke zuba mai ta gaya masa cewa da wannan kuɗi abin da zai samu bai kai na kullum ba, kuma ƙaramin inji irin nasa ba lallai ne ya san bambanci ba. Ya yi mata murmushi irin na wanda ya riga ya san sirrin, ya ce ta zuba kawai, abu mai kyau kaɗan ne ke isa. Ta ɗaga kafaɗa, ta zuba, ta gama tun bai gama gyara hula ba.

A kwanakin da suka biyo baya babu wanda ya shigo aski bai ji labarin man alfarma ba. Mai askin yakan fita da mutum, tawul na wuyansa, ya tayar da babur a bakin shago domin ya saurari injin. Wasu suka ce lallai ya yi laushi, wasu suka ce ba su ji wani canji ba, sai ya bar injin yana aiki domin su ƙara saurara da kyau. Wani lokaci yakan koma ciki ya ƙarasa gyaran gemu, babur na can waje yana yi wa masu wucewa bayani.

Da safiyar Asabar ya fito da babur tsakar gida, ya sa farar rigarsa, ya kira matarsa ta zo ta zama shaida. Ya kama kai, ya girgiza hagu da dama, ya kara kunne. Shiru. Ya sake girgizawa da ƙarfi har madubi ya karkace. Shiru.

Fuskarsa ta cika da annuri. "Uwar yara, kin ji?"

"Ban ji komai ba."

"To, shi ne. Da man da na saba zubawa ne, da yanzu ya cika gidan nan da surutu. Wannan ya san darajar kansa."

Ta dube shi, ta dubi tanki. Sai ta ce za ta leƙa gidan maƙwabciya, wadda ke da injin ba da wuta, ta karɓo wani saƙo. Ta dawo jakarta ta yi nauyi, ta rungume ta a ƙirji, ta ɗauki lema, ta hau bayansa.

Suka kama hanya. Da suka wuce kasuwa ya ce yana jin ƙamshin fetur yana tasowa daga baya, ya tambaye ta ko ta lura cewa hatta hayaƙin man alfarma daban yake. Ta ce ta lura, ta ƙara matse jaka.

Tsakanin unguwarsu da ta yayanta akwai tudu mai tsawo. Babur ya hau shi da ƙyar, da ya kai ƙololuwa sai ya yi tari sau biyu, ya yi ajiyar zuciya, ya mutu. Allah ya taimaki mai askin, gaban tudun gangara ce doguwa. Ya sa giya a sake, babur ya ci gaba da tafiya da kansa, iska na kaɗa musu tufafi.

"Yanzu ne ya fara aiki sosai," in ji shi, ba tare da ya waiwayo ba. "Ko numfashi babu."

"Gaskiya ne, maigida. Har kukan tsuntsaye nake ji."

Gangara ta yi musu kirki iyakar iyawarta, sannan ta ƙare a layin kafintoci. Babur ya rage gudu, ya rage, har wata tsohuwa mai sanda ta wuce su ta gaishe su. Mai askin ya sauke ƙafafu ya fara tura ƙasa da su kamar mai tuƙa jirgin ruwa. Da ya ga abin ba zai kai ba, kuma ya ji matarsa ta fara gyara zani kamar za ta sauka, sai ya diro da sauri ya riƙe babur da ƙarfi.

"Kada ki sauka. Don Allah zauna yadda kike. Ɗaga ƙafa."

Ta ɗaga ƙafa, ta buɗe lema.

Haka ya kama turawa, ita a zaune a sama, shi a ƙasa a gefe. Wani kafinta ya ajiye zarto ya tambaya ko baiwar Allah ba ta da lafiya ne. Mai askin ya amsa cewa lafiyarta ƙalau, man da ya zuba ne ya yi wa injin ƙarfi, dole a bar shi ya huta. Kafintan ya ce shi kam bai taɓa ganin babur na hutawa mai shi na aiki ba, amma kowa da tsarinsa. Matar ta riƙa amsa gaisuwar mutane daga sama cikin natsuwa. Sau ɗaya ma ta ce ya tsaya ta tambayi farashin kujera.

Bayan layin kafintoci hanya ta fara hawa kuma. Farar riga ta manne masa a baya, hula ta zamo ta rufe ido ɗaya, ba hannun gyarawa. Da suka kai kwanar ƙarshe, daga nesa ana hango shagon Yaya. An riga an fito da wani firji bakin ƙofa, Yaya da kansa yana goge shi da tsumma. Mai askin ya ga haka, ya tsaya bayan wata babbar mota yana haki.

Matar ta rufe lema. "Maigida, tambaya ɗaya zan yi. Akwai mai a tankin nan?"

Ya daɗe yana kallon tayar gaba. "Akwai ƙamshinsa," in ji shi.

Sai ta buɗe jaka ta fito da gora cike da fetur, irin na kowa da kowa, wanda maƙwabciya ke zuba wa injinta. Ya tambaye ta, cikin muryar da ta rage masa, me ya hana ta fito da shi tun a ƙasan gangara. Ta ce ta ga yana ta yabon shirun, ba ta so ta katse masa jin daɗi. Ta ce kuma ita ba ta taɓa son firjin ba, domin ta san firjin Yaya, rabinsu sai an jingina musu dutse ƙofa ke rufuwa, kuma firji ba ya kai yaro asibiti. Abin da take so shi ne ranar Litinin a gyara allura. Ya yi alkawari tun ba ta rufe baki ba.

Ya zuba man, ya girgiza babur, ita tana sama tana riƙe da kafaɗarsa. Tanki ya amsa da ƙara mai daɗi. Ya buga sau uku, injin ya tashi da hayaniya da hayaƙi, suka isa ƙofar shago kamar tun daga gida haka suke tafe.

Yaya ya dubi rigar surukinsa da ke ɗigar gumi, ya dubi takalmin ƙanwarsa da babu ƙura ko kaɗan. Ya tambaye ta ko ta taka a hanya. Ta ce ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba tun daga tsakar gida. Ya sake duban rigar, ya ce lallai wannan babur yana da zafi. Sannan ya jefar da tsumma, ya tura firjinsa ya mayar ciki.

Ranar Litinin aka gyara allura, ta sauko daga rabi zuwa ƙasa nan take, ta fara faɗin gaskiya. Da tsohon direba ya zo ya zauna a benci ya tambayi yadda man alfarma ya yi, mai askin yana tsaye da ƙyar, cinyoyinsa na ciwo. Ya ce man ba shi da laifi, shiru kam ya yi shi fiye da yadda aka faɗa, amma kada wanda ba shi da ƙarfin ƙafa ya kuskura ya saya.