Allurar da Ta Sauka

...kuma ga shi sun ciro shi. Tankin fetur na gidan man nan, shekara ashirin a binne, yana reto a jikin sarƙa. Ni ina tsaye bakin rami da hular hukumar muhalli a kaina, kamar ban taɓa taka wurin nan ba.

Huda. Ga ta can ƙasa, gefen walda. Ko ɗan yatsana ba zai shiga ba. Wannan 'yar abar ce ta...?

Shekara uku ke nan. Ni na zo gwaji. Na toshe bututu, na ɗura iska, na zuba wa agogon awo ido — in allura ta tsaya, tanki lafiya. In ta sauka, yana yoyo. Ta sauka. Kaɗan, kamar faɗin gashi. Na ce ko agogon ne, ai ya tsufa, ina ƙwanƙwasa shi da farce sai ga waya — ƙanwata, wai an shiga da maiɗakina ɗakin haihuwa, jini ya ƙi tsayawa. A kan bayan mota na sa hannu a rahoto, wai tanki lafiya. Na ce zan dawo Litinin. Ta tashi lafiya, jaririyar ma. Ni ne ban dawo ba. Litinin nawa ke nan?

Wari. Ƙasar ramin baƙa ƙirin, jiƙe sharkaf, leburori sun ɗaure hanci da ƙyalle — makon jiya, ofis, tsohuwa mai wanki da ke bayan katangar nan, gora a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta dire min a tebur ta ce, "Ɗana, shinshina." Ruwan rijiyarsu. Maiƙo na yawo a samansa. Wai tun bara suke tacewa da ɗankwali suna tafasawa, a zatonsu zai wuce. Jikarta ko kunu cikinta ba ya riƙewa. Gida goma sha ɗaya ke ɗiba a rijiyar... me ya kai ni ƙirgawa?

Ga tsohuwar can jikin katanga, har hannu take ɗaga min. Ɗazu ta sa min albarka, wai ni na tsaya musu.

Ga mai gidan man. Na miƙa masa takardar rufewa, ya karanta, ya dube ni — ya tuna? Shi ya raka ni mota ranar gwajin, yana Allah ya sauke maiɗakina lafiya. Ya tuna mana.

Shugabata na tahowa, tana tsallake bututu. Wai ta nemi rahoton gwajin ƙarshe a ofis ba ta gani ba, sai ta san wane sakaran ne ya ce tankin nan lafiya.

Rahoton yana motata. Ƙarƙashin kujera. Da safe na zaro shi daga kabad — don in kawo mata? Don in...? Kwafi ɗaya ne tak.

Makulli na hannuna. Taku ashirin ne zuwa motar. Bari in ɗan zauna tukuna.