Gwangwanin Kaki

Injin numfashin ya fara ƙara tun kafin ta gama wanke wa Baba fuska. Malama ta ajiye tsumman, ta durƙusa bayan gado, ta zaro gwangwanin da ya yi zafi, ta tura mai sanyi a gurbinsa. Ƙarar ta lafa. Mai zafin kuwa ta naɗe shi da tawul ta sa a ƙafafun Baba, da ba sa rabuwa da sanyi.

Dabarar yayanta ce, injiniya. Ya cika gwangwanaye da wani irin kaki da ke shanye zafin injin yayin da yake narkewa. In ya narke ƙaf, dole a canza, in ba haka ba injin ya mutu. Awa biyu kowanne ke yi. Wata huɗu ke nan ba ta wuce bakin ƙofa ba, ko wanka a gurguje take yi.

'Yan uwa sun riga sun yanke magana: in zafin injin bai daidaita ba zuwa ƙarshen wata, a mayar da Baba asibiti, ita kuma ta koma ajinta. Har ta goge kayan aikinta ta rataye.

Da la'asar Yaya ya shigo rungume da wani ƙaton akwatin ƙarfe, yana fara'a. Ya ɗaura shi jikin injin, yana ta bayanin sabon haɗin da ya yi mako uku yana gwadawa. Wannan, in ji shi, awa shida zai kai.

"Kin ga ba sai an kai shi asibiti ba. Na ma gaya wa sauran, kowa ya ji daɗi."

"Yaya, ran Litinin hutuna zai ƙare."

Ya ce ai ba abin damuwa ba ne, ta rubuta a ƙara mata, wa zai hana mai jinyar uba? Ya duba agogo, ya gaida Baba, ya fita.

Ta taɓa jikin injin. Aikin ya yi kyau, ko ɗumi injin bai yi ba. Ta ciro takarda ta zauna gefen gado.

"Uwata, me kike rubutawa?" Ashe Baba ba barci yake ba.

"Darasin yara ne, Baba."

Ya ce madalla, ya juya fuskarsa bango. Ta jira har numfashinsa ya daidaita, sannan ta rubuta: Zuwa ga Shugabar Makaranta.