A Matse Kafin a Kulle

Ranar da Manaja ta shigo ɗakin shayinmu riƙe da tef ɗin awo, na san an taɓo mu. Ta auna bango, ta auna taga, ta ce ma'ajiyar bayanan kamfani ta kusa cika, nan za a jera sababbin na'urori. Ɗakin da nake miƙe ƙafa shekara tara, shi kaɗai ke da taga a duk benenmu!

"Ranki ya daɗe, ba sai an ƙaro na'urori ba," na ce. "Yanzu manyan kamfanoni matse bayanai suke yi suna shigowa, tun kafin su sauka a faifai. Abin da ke cin gurbi uku sai ya ci ɗaya."

"Na ba ka zuwa Alhamis," ta ce. "In ban gani da idona ba, a fitar da kujerun nan."

Na kunna matsewar ran Litinin, ina ta cika baki. Da safiyar Laraba na duba allo: kashi ɗaya cikin ɗari ya ragu. Ɗaya tak! Ina cikin ɗakin na'urori mai sanyin tsiya, amma gumi nake yi. Bayananmu fa wasiƙu ne da sunaye da adireshi, maimaici ne zalla, kuma maimaicin nan shi na'ura ke tattarewa ta rage. Sai na buɗe fayil ɗaya yadda ya iso. Ko kalma guda ban gane ba, haruffa ne a hargitse.

Nan take na nufi ofishin shugaban tsaron bayanai, wanda muke kira Mai Makulli. Mijin yayata ne, mutumin da ke sa wa firjin gidansa kwaɗo.

"Yaya, me ka yi wa bayanan nan?"

"Na kulle su tun daga tushe," ya ce yana shafa tumbi. "Ko aljani bai isa ya karanta ba."

"To ita ma na'urar ba ta iya karantawa! Kullewarka ta dagula komai, babu layi biyu masu kama da juna. Ka ɗinke bakin buhu, ka ce in shirya kayan ciki?"

Ya yi tsalle ya dire, wai so nake in bar kamfani tsirara. Sai da na zana masa a takarda: a matse tukuna, a kulle nan take, duk a cikin na'ura ɗaya, ba abin da zai kwanta a buɗe. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce a hankali, "Au."

Ran Alhamis Manaja ta tsaya a bayanmu, allo ya nuna uku da rabi sun koma ɗaya. Ta gyaɗa kai, ta ce ɗakin ya tsira. Wallahi daɗi ya kusa kashe ni.

"Amma me ya hana shi aiki kwana biyu?" ta tambaya. "Wa ya jawo?"

Mai Makulli ya ƙura wa takalminsa ido. Shekara ashirin yana aikin nan ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

"Jeri ne bai daidaita ba, ranki ya daɗe," na ce. "Mu biyu muka gyara."

Tana fita ya damƙi hannuna.

"Ƙanina, zauna," ya ce. "Yau ni zan haɗa maka shayin."