Gwanjon Sirdin Baba Nomau

"Juya shi gabas, ɗiyata. Tagullar ba ta fitowa sai rana ta doke ta."

Ramata ta ajiye salularta a kan turmi, ta kama sirdin da hannu biyu ta juya shi. Ya fi yadda ta zata nauyi. Sirdin raƙumi ne irin na da, jar fata da koriya, gabansa mai reshe uku, an bi gefunansa da ƙananan ƙusoshin tagulla. Ta ɗauki hoto huɗu, ta share gumi da bakin mayafi, ta ƙara biyu.

Baba Nomau yana ƙarƙashin rumfa, an tokare masa baya da matasai, don numfashi ba ya barinsa ya kwanta sosai. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Shekara arba'in ya yi yana dillancin raƙuma a kasuwar dabbobi ta Agadas, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Ramata. Tun da mijinta ya samu aiki a wurin haƙar gawayi na Cirozerin, ba ya zuwa gida sai ƙarshen mako, Baba ne ke leƙowa kullum ya tambayi lafiyar gida. Ita kuwa sana'arta a salula take: turaren wuta, lafaya, 'yan kunnen azurfa. Ta sa hoto a intanet, mai so ya aiko kuɗi, ta kai kaya tasha.

Shekaranjiya lokotoro ya ce zuciyar Baba ta gaji, a kai shi babban asibiti a Yamai, kada a bari mako ya zagayo. Dalilin fito da sirdin ke nan.

"Baba, shafin da nake gaya muku, na masu sayen kayan da, hanya biyu gare shi," in ji Ramata. "Ko a yanka farashi ɗaya, wanda ya fara dannawa ya ɗauka. Ko a sa gwanjo, kwana bakwai ana tayawa. Kuma ba sai mun jira ba. Akwai wani Bashar, mai butik ɗin kayan tarihi a Yamai, na tura masa hoto ɗaya jiya. Ya ce in na yanka jika ɗari biyu da hamsin na sefa, yau ɗin nan zai danna. Jibi kuna cikin kar, babbar motar Yamai."

Tsohon ya lumshe ido. "Daga hoto ɗaya?"

"I, Baba."

"Bai ce fatar ta bushe ba? Bai ce aikin sabo ne aka tsufar da shi ba?"

"Bai ce komai ba."

"To sirdin ya fi haka. Tsoro yake ji kada a riga shi. Sa gwanjo, ki buɗe da hamsin."

"Kwana bakwai fa. Lokotoro ya ce..."

"Da ni aka yi maganar, ɗiyata. Na ji shi."

Ramata ta dubi Iya Kadidia, matarsa, ko za ta sa baki. Iya tana tsince ganyen zogale a faifai, ko kai ba ta ɗaga ba. Haka Ramata ta danna gwanjo, tana jin haushin bakinta da ya ambaci hanya ta biyu. Ranar Juma'a ce, shafin ya rubuta cewa za a rufe Juma'a mai zuwa da ƙarfe huɗu na yamma.

Daga ranar ba ta ƙara samun natsuwa ba. Tana dama fura tana leƙa salula, tana wanki tana goge hannu a zane ta leƙa. Ranar Asabar miyarta ta kama a tukunya, mijinta ya ci haka nan. Ranar Lahadi aka ɗauke wutar kuran tun hantsi, ta ratsa unguwa cikin zafin bazara zuwa wani butik mai farantin hasken rana, ta tsaya a kan ƙafa har salular ta ɗan sha wuta. Duk tayin da ya shigo, sai ta ja mayafi ta zagaya gidan Baba.

"An taya sittin da biyar."

"Wane ne?"

"Wani ne a Tawa."

"Albarka," in ji Baba, da ƙarfin muryar da ta daɗe ba ta ji ba, kamar mutumin yana tsaye a gabansa riƙe da akala. "Nawa ya ɗora a kan na farko?"

"Biyar."

"Ba zai kai ba. Mai ƙara biyar-biyar kallo ya zo."

Ya sa ta riƙa karanta masa sunayensu. Akwai na Tawa, akwai wata mata da ke rubutu da Faransanci daga ƙetare, akwai wani da bai sa suna ba sai lamba. Bai taɓa ganin ko ɗayansu ba, amma kafin Litinin ya san mai haƙuri, ya san mai zafin rai, ya san wanda ke saya don ya sayar.

Ranar Litinin da azahar tayi ya tsaya a ɗari da goma. Talata ta waye, babu motsi. Ramata ta kashe salular ta kunna, ko rezon waya ne ya yanke. Ba rezo ba ne. A ranar kuma numfashin Baba ya fara wani sauti, kamar ana jan ruwa da kara a gindin ƙwarya.

Wajen la'asar Bashar ya kira. "Madam, kin gani ko? Ɗari da goma. Ni har yanzu ina kan maganata. Janye gwanjon, ki yanka ɗari biyu da hamsin, in danna. Amma gobe da rana zan sa kuɗina a wani wuri."

Ta tsaya a tsakar gidanta, jikin katanga, tana jin tarin tsohon daga ɗaya gefen. Wurin janyewa yana nan a ƙasan hoton, ɗan jan rubutu. Babu wanda zai sani sai kuɗi sun shigo. Ta ɗora yatsa, ta ɗauke. Ta je bakin ƙofa ta dawo. Daga ƙarshe ta zagaya, ta wuce rumfar a hankali, ta iske Iya Kadidia a madafa tana hura wuta.

"Iya, zan janye. Ku yi mini rai ku lallashe shi. In kuɗin suka shigo yau, Alhamis kun isa Yamai."

Iya ta gyara itace, ta daɗe tana kallon wutar. "Kin taɓa bin hanyar Tawa a kar?"

"Na bi."

"To dubi ƙafafunsa. Tun ran da muka dawo daga wajen lokotoro ya ce mini shi ba zai cika a kan kujerar mota tsakanin baƙin fuskoki ba. Ba inda za shi, Ramata."

Ramata ta zauna a kan kujerar tsugunno. "To kuɗin na mene ne?"

"Nawa. Wai kada in zauna ina kallon hannun mutane kafin ɗanmu Ilyas ya dawo daga haƙar zinariya. Na ce ba na so, bai saurare ni ba."

"Da kun gaya mini. Kwana huɗu ko abinci ba ya wuce mini."

"Da mun gaya miki, da kin kira mijinki an ɗauke shi da ƙarfi." Iya ta share ido da bayan hannu, ko hayaƙi ne ko ba shi ba. "Shekaranjiya ya sha rabin ƙwaryar fura saboda matar ƙetaren nan ta ƙara jika goma. Rabonsa da sha haka tun kafin azumi. Ki bar masa kasuwarsa."

Ramata ta rubuta wa Bashar cewa in yana so ya shiga layi kamar kowa.

Ranar Laraba Baba ya tambaye ta labarin gwanjon, muryar ta koma ƙasa. Ta so ta ƙirƙiro masa wani tayi, amma ya kafe ta da ido.

"Shiru, Baba. Yana nan a ɗari da goma."

"Kada ki damu. Masu saye na gaske suna bayan taro, hannu a aljihu. Sai sun ga ana shirin tashi za su matso." Ya huta, ya ja numfashi. "Juma'a ki zauna kusa da ni. Kada ki tsallake ko ɗaya, ki karanta mini duka."

Ranar Alhamis da hantsi tana shanya kaya ta ji Iya ta kira sunanta ta kan katanga, sau biyu, ba da ƙarfi ba. Ta saki zanen a ƙasa. Ta iske Baba yadda ta bar shi jiya, a jingine da matasai, kansa ya ɗan karkata. Ya nemi ruwa, in ji Iya, ya kurɓa, ya yi kalmar shahada, shi ke nan. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa. 'Yan kasuwar dabbobi sun cika lungun har bakin titi, da rawunansu da sandunansu.

Da yamma aka samu Ilyas a waya, muryarsa tana yankewa. Ramata ta gaya masa sirdin ya zama gado yanzu, sai abin da shi da Iya suka ce. Ya ce a bar shi ya ƙare yadda Baba ya tsara, shi yana hanya, kwana uku.

Juma'a gidan ya cika da mata 'yan gaisuwa. Ramata tana zaune cikinsu, salular a cinyarta ƙarƙashin mayafi. Huɗu saura kwata ta ji salular ta girgiza. Ta ƙara girgiza. Matar da ke gefenta ta waiwayo. Ramata ta ji kunya, ta tashi ta zagaya bayan garken awaki. Ɗari da tamanin. Ɗari biyu da ashirin, daga matar ƙetare. Ɗari biyu da sittin, daga Bashar. Mai lamba ya ɗora. Bashar ya ɗora. Bakinta yana motsi, ta lura karantawa take yi a fili, babu mai ji sai akuya da ke tuƙa. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ƙarfe huɗu shafin ya rufe a ɗari uku da arba'in.

Bashar ya kira yana 'yar dariyar wanda aka kayar. "Madam, ki gaya wa tsohon nan ya ci ni."

"Ya rasu jiya."

"Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Yanzu zan tura."

Ta koma ta durƙusa kusa da Iya, ta raɗa mata a kunne. Iya ta gyaɗa kai. "To. Ga baƙi can sun shigo, a kai musu ruwa."

Washegari da safe Ramata ta naɗe sirdin da tsohon bargo, ta sa a buhu, ta ɗinke baki. Mai adaidaita ya kai ta tasha. Ma'aikacin da ke karɓar saƙo ya ja takarda bai dube ta ba.

"Sunan mai aikawa?"

"Nomau."

"Nomau wa?"

"Nomau dillali."

Ya rubuta da baƙin alli a jikin buhun. Aka miƙa shi saman kar, aka ɗaure tsakanin buhunan albasa da wani keke. Reshe ɗaya na gaban sirdin ya huda buhun ya leƙo. Ta buɗe baki za ta ce a gyara, sai direba ya tada mota. Ta tsaya a inuwar rumfar mai shayi tana kallon ɗan tsinin nan yana rangaji sama da kawunan mutane, har kar ɗin ta karya kwana.