Faɗuwar Saliha a Gangaren Messa

Saliha da ƙafarta ta dawo gida a unguwar Briqueterie, shi ya sa babu wanda ya ɗauki abin da zafi. Moto ce, wato babur, ta zame da ita a gangaren unguwar Messa bayan ruwan safe, ta faɗa a kan bakin kwatar siminti, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Ta ce buguwa ce kawai, ta shige ɗaki.

Yayarta Njidda, wadda suke shagon atamfa tare, ita ce ta lura. Tun azahar Saliha take ɗaukar buta ta shiga bayi, ta fito tana dafa bango. A karo na biyar Njidda ta tare ta.

"Ke, me ke damunki?"

"Adda, fitsarin ya ƙi fita," in ji Saliha, murya ƙasa-ƙasa. "Jini ne kawai ke ɗiga, kuma ba lokacina ba ne."

Njidda ta taɓa mararta, ta ji ta kumbura, ta yi tauri.

Kafin la'asar maƙwabciyarsu Zara, wadda ta taɓa aiki a wani ƙaramin asibiti, ta shigo da siririyar roba a leda.

"Robar fitsari ce, yanzu zan sa mata ta huta," in ji Zara. "Ko kina so maza su buɗe ta a asibiti?"

Saliha na gumi, tana roƙo a sa mata. Njidda ta dubi jinin da ke zanen ƙanwarta.

"A'a, Zara. Wurin da jini ke fita, ba za a cusa masa komai a ɗakin nan ba."

Ta tari tasi. Duk ramin da motar ta faɗa sai Saliha ta ciji mayafinta.

A asibiti aka yi hoto. Likitar, wata Dokta Lubna, ta fara bayani da Faransanci, sannan ta juya Hausa. Ƙashin ƙugu ya tsage, hanyar fitsarin kuma ta yage kusa da mafitsara. Ta huda ƙasan cibiya ta sa roba mai jakar tara fitsari, jakar ta cika nan take. Sai a lokacin Saliha ta yi ajiyar zuciya.

"Da an tura roba ta ƙasa a makance, da ta bi ta cikin raunin ta ƙarasa shi," in ji likitar. "Gobe za mu ɗinke. Amma ku ji da kyau: in ya warke, hanyar tana iya tsukewa, ko fitsarin ya riƙa zuba ba ta sani ba. Sai an cire roba za mu gani."

Sati shida Saliha ta yi da jaka a ƙarƙashin zane. Ta daina fita ko tsakar gida, ta rame. Njidda ke juye jakar, kullum tana duba launin fitsarin.

Ranar da aka cire robar ƙasa da aka sa mata lokacin ɗinki, fitsarin ya fita, siriri, da ƙyar. Njidda ta yi hamdala. Dokta Lubna dai ba ta yi murmushi ba. Ta ce za ta bar robar cibiyar tukuna, su dawo bayan sati biyu, in kuma fitsarin ya ƙara sirancewa kada su jira ranar.

A kwana na tara, da hantsi, Saliha ta daɗe a bayi. Njidda ta ajiye tsintsiya, ta matsa kusa da ƙofar tana saurare.

"Adda," in ji Saliha daga ciki, "ɗauko mayafinki, mu koma asibiti."